Littattafan Baba Da Na Cusa A Murhu

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya uku a Kafanchan, ba na fashin taron zumuntar mata a coci, kuma gani nake na san abin da ya fi dacewa da kowa. Babana tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana wurina tun rasuwar Mama. Bayan an kashe ƙanena a hanyar gonar citta, ba a kuma gano wanda ya yi ba, sai Baba ya sayo littattafan rubutu na 'yan makaranta ya kama rubuta labari. Wai so yake ya girmama littattafan jarumai da ya karanta a tasha yana saurayi, masu takubba da dodanni. Nasa labarin wani maƙeri ne da ya ƙera takobi, ya haye duwatsu yana neman sarkin aljanun da ya kashe ɗan'uwansa.

Wata rana ina shara na buɗe ɗaya. Jini, rantsuwa, aljanu! Na ce ƙiyayya ce ke cin tsohon nan, ramuwa kuwa ba aikinmu ba ne. Ranar da ya tafi Zangon Kataf gaida abokinsa, na kwashe duka takwas ɗin, na yi addu'a, na cusa su ƙarƙashin tukunyar tuwon acca.

Da ya dawo na faɗa masa da bakina, har ina jiran godiya. Bai yi faɗa ba. Ya zauna, ya kira ni Uwata kamar kullum, ya tambaya ko na kai inda takobin ke magana. Na ce a'a. Ya ce muryar mamacin ce a cikin takobin, tana yi wa maƙerin tsiya a hanya: ta ce masa fasto ba coci, ta ce miyarsa sai an bi gishiri da fitila. Da waɗannan kalmomin ƙanena yake tsokanata. Ashe Baba ya ga mantuwa ta fara kama shi, shi ne duk maganar yaron da ya tuna sai ya sa ta a bakin takobin.

Na sayo masa sababbin littattafai. Yakan riƙe biro ya daɗe, sannan ya tambaye ni wai me yaron yake ce mini ma. Har yau bai cika shafi biyu ba.

Na roƙi gafarar Ubangiji, na roƙi ta Baba, amma toka ba ta komawa takarda. 'Yan'uwana mata, kafin ku lalata abin wani da sunan ceton ransa, ku zauna ku tambaye shi. Ni shafi uku kawai na karanta.