Kabula Mai Ɗinkin Gawa

Shekara ashirin da biyu Kabula ta yi tana aiki a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti a Mwanza. Ni kuwa sha huɗu na yi a gefenta, ina rubuta abin da likita ya faɗa yayin bincike. Da can tela ce a kasuwa. Ranar da ta je karɓo gawar mijinta, ta ga an ɗinke masa ƙirji kamar buhun gawayi. Ba ta yi kuka a wurin ba. Allura ta nema, ta warware ɗinkin, ta sake shi. Bayan wata guda aka ɗauke ta aiki.

Tafiyarta a hankali take, kamar mai ratsa ruwa. Tagar ɗakin tana kallon tafki, da hantsi kuma hasken ruwan yakan shigo ya yi ta lilo a rufi, har mutum ya ji kamar duk ɗakin a ƙarƙashin ruwa yake. A nan take ɗinki, tana yi wa mamatan hira ƙasa-ƙasa. Ta gaya musu an yi ruwa jiya, mangwaro ya nuna, 'yarka tana waje da koren zane.

Ba ta yi karatun likita ba, amma idonta ya san raunuka. Ta san ƙujewa da taruwar jini, ta san fatar da abu mai nauyi ya fasa daban take da wadda wuƙa ta yanka.

Wata Talata aka kawo wani masunci, Mihayo, wanda aka tsamo daga tafki da sara huɗu a gadon baya. Dangi suka ce abokin kamun kifinsa Lugembe ne ya sare shi da adda, don an ji suna cacar baki kan taru, wato ragar kifinsu. Har an tsare Lugembe.

Sabon likitanmu, Lyimo, daga ƙasar tuddai ya zo. Ya duba, ya ce mini, "Rubuta, sara da makami mai kaifi."

Kabula ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ɗana, wane mai adda ne yake sara da ma'auni?"

"Inna, ke kika zama likitan yau?"

"Kai ɗan tudu, ayaba ka sani, ba ruwa ba. Auna tsakaninsu ka gani."

Ya yi dariya, amma ya auna. Tazarar ɗaya ce, duk huɗun sun karkata gefe guda. Ta ce tun tana yarinya ta ga irin wannan a jikin wata saniya da jirgi mai inji ya bi ta kanta, farfelar injin ce ta yanka ta. Lyimo ya buɗa bakin raunukan, ya ga fari fat, babu jinin da ya ratsa nama. Huhu kuwa cike da ruwa da kumfa. Mihayo ya riga ya nutse ya mutu kafin jirgin ya same shi.

"Goge wancan rubutun," in ji Lyimo. Kunya ta hana shi kallon kowa.

Bayan kwana uku aka saki Lugembe. Bai taɓa sanin wa ya cece shi ba, ita ma ba ta bari mun faɗa ba.

Matar Mihayo ce kaɗai ta tare Kabula a bakin ƙofa. "Inna, ya sha wuya?"

Kabula ta daɗe tana kallon kwale-kwalen da ke fita da fararen filafilai na zane masu kama iska, sai ka ce a sama suke tafiya.

"Saran dai bai ji shi ba, 'yata. Wannan na tabbata."

Matar ta zauna a dakali, ta rufe fuska da mayafi. Kabula ta zauna kusa da ita har motar ɗaukar gawa ta iso.