Ranar da Na Cika wa Gyaɗar Goggo Ruwa

Wata Laraba ce da hantsi, jajibirin kasuwa, a shekarar da mahaifinmu ya rasu. Shekarata tara ko kusa da haka. Ina tsaye a bakin turmi a gidan Goggo Hanne, yayar babanmu, wadda ta ɗauke ni riƙo a wani ƙauye bayan Doguwa. Rumbu ya ƙare, dawa ba ta nuna ba. Kwano huɗu na gyaɗa ne ya rage mana, kuma man da za a fitar daga cikinta shi za a kai kasuwa washegari a sayo hatsi.

Aikin na san shi da ido. Goggo takan soya gyaɗar a kasko da yashi har ƙamshi ya kai zaure, mu murje ɓawon, ta bakace a faifai, in daka, sannan ta durƙusa kan dutsen niƙa har gyaɗar ta yi laushi tana sheƙi. A nan nakan faki idonta in lakata in lashe. Sai ta mayar da ita turmi, ta riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan da ludayi tana murzawa da muciya. Can sai mai ya taso ya kwanta a sama. Wannan ne ya hana ni sukuni. Gyaɗa busasshiya ce. Na sha fasa ta da haƙori ina leƙa cikinta, ban taɓa ganin mai ba. To daga ina yake fitowa? Sau biyu na tambayi Goggo, amsarta ɗaya: "Ke dai iza wuta." Sai na yanke a raina cewa ruwan ne yake rikiɗa ya zama mai, Goggo kuwa rowar ruwa take yi.

Rannan an fara murza ke nan sai akuyarmu ta tsinke igiya ta nufi gonar maƙwabci. Goggo ta miƙo mini muciya. "Rabin ludayi, ki murza har ki gaji, sannan ki ƙara," in ji ta, ta bi bayan akuya. Na dubi tukunyar da ke tafasa a murhu. Na ce idan 'yan ludayi kaɗan suna cika kwalba, tukunya guda fa? Na naɗe hannu da tsumma, na juye ta duka. Na murza har kafaɗata ta riƙe. Babu mai. Abin ya tsinke, ya yi fari kamar kunu.

Da Goggo ta dawo tana jan akuya, ta daɗe tana kallon cikin turmi. Na shirya shan duka. Ba ta taɓa ni ba. Ta ce, "Me kika nufa da haka?" Na faɗa mata. Sai ta tsinci ƙwayar gyaɗa ɗaya a gefen kasko, ta murƙushe ta a kan farcen babban yatsana, ta danna har na ji zafi. Farcen ya yi maiƙo. Ta ce, "A ciki yake. Ruwa koro shi kawai yake yi. In ya yi yawa kuma, ya haɗiye shi."

Ba mu je kasuwa ba. Kwana uku muna shan wannan ruwan gyaɗar, da safe kunu, da yamma a zuba kan dafaffen rogo, har ya yi tsami muka bai wa akuya. Sauran kwanakin muka tafi roro a gonakin da aka gama cirar gyaɗa, Goggo tana tona ƙasa da fartanya, ina bin ta da ƙwarya. Da Laraba ta zagayo mun haɗa kwano biyu. Ta soya, ta niƙa, ta zuba a turmi, sai ta sake miƙo mini muciya. Ta ja kujera ta zauna tana kallon hannuna. Man ya taso.

Yanzu a Doguwa inji ke markaɗe, wani injin ya tatse man kafin a gama gaisawa da mai shi. Dutsen niƙan ma ban san inda yake ba. Bayan Goggo na yi aiki a hannun mutane da yawa, na yi ɓarna, na sha zagi da kora. Ita kaɗai ce ta taɓa sake miƙo mini muciya.