Ni Na Ce wa Inna Ta Daina Shan Magani

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. A farkon shekarun casa'in ni malamar firamare ce a cikin birnin Zariya, ina zaune da mijina da 'ya'ya uku a Ƙofar Gayan. Ni ce mace ta farko a zuri'armu da ta yi boko har ta samu takardar malanta, kuma takardar nan ta kumbura mini kai. Duk wasiƙar da ta shigo gidanmu ni ke karantawa, duk katin asibiti ni ake miƙa wa, in na ce abu kaza ne babu mai ja da ni. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, amma abin da na aikata zan faɗe shi yadda yake, domin ya daɗe yana cin raina.

Matar da nake kira Inna ƙanwar mahaifiyata ce. Ita ta ɗauke ni ina 'yar shekara biyar bayan rasuwar mahaifiyata, ta raine ni a gidansu na gado a Ƙofar Kibo, ita kuma ta tsaya kai da fata sai da aka bar ni na yi makaranta. Sana'arta ɗinkin hula, hannunta kuwa sananne ne, daga unguwar Kongo ma ma'aikata kan aiko a yi musu. Wata shekara ciwon kai da jiri suka matsa mata, aka kai ta asibiti aka ce hawan jini ne, aka ɗora ta kan wasu ƙananan ƙwayoyi da za ta riƙa sha kullum da safe. Inna ta tsani maganin nan. Yana sa ta yawan fitsari, alwala ba ta zama, ga wahalar zuwa asibiti duk wata, a yi layi tun sassafe har azahar don kawai a naɗa mata abu a dantse a rubuta lamba a kati. Duk da haka tana sha, tana mita tana sha.

Shekarar da Allah ya kira ni aikin Hajji, a wani kantin magani a Jidda na ga na'urar awon jini irin ta batir. Ka naɗa ɗamararta a dantse, ka matsa ƙwallon roba, sai lambobi su fito a fuskarta. Wallahi don Inna na saya, na ce ta huta da layi. Akwai takardar bayani da Turanci a cikin kwalin, shafuka da yawa, amma ban karanta komai ba sai jadawalin lambobi. Na haddace cewa ɗari da ashirin bisa tamanin shi ne lafiya, na ninke takardar na jefa a ƙasan akwati. Ilimin likitancina ke nan gaba ɗaya.

Kafin wata biyu labari ya bazu. Duk Alhamis bayan la'asar matan unguwa sukan cika tsakar gidan Inna, tsofaffi da masu ciki, kowa ta tura hannun riga tana jiran Malama. Daga Malama sai suka mai da ni Likita, ni kuma ban taɓa cewa su daina ba. Ina jin daɗin yadda ake yin tsit in na fara matsa robar nan. Yau in na tuna fuskata a lokacin, da yadda nake ɗaga gira ina duban lamba kamar na san abin da ke bayanta, ji nake kamar in shaƙe kaina.

Alhamis uku a jere na auna Inna, lambarta tana fitowa daidai. A ta ukun, a gaban mata kusan goma, na ce mata ta warke, ta daina wahalar da kanta da ƙwaya. Ta ce ai nas ɗin asibiti ta gargaɗe ta kada ta tsallake ko da kwana ɗaya. Na yi dariya, na ce su ma'aikatan asibiti haka suke, ba sa son mutum ya rabu da su, na nuna mata lambar da yatsa na ce na'ura ba ta ƙarya. Ta dube ni ta ce, “To 'yar nan, ke kika yi karatu.” Ta tashi ta ɗauko sauran ƙwayoyin da ke ƙulle a leda ta ba ni, ta ce in yi yadda na ga dama da su. Matan suka yi ta barka, wata har da guɗa.

Da nan laifina ya tsaya, da sai in ce jahilci ne. Amma bayan 'yan makonni lambar ta fara hawa a gaban idona. Na ce batir ne ya yi sanyi, na sa sabo, ta sake fitowa sama da ta da. Na ce tunani ne ya yi mata yawa, ta riƙa cin tafarnuwa tana shan zoɓo ba sukari. Ta ce ƙeyarta na yi mata nauyi, na ce sunkuyon ɗinki ne. Daga baya sai na koma karkatar da fuskar na'urar wajena, in ce alhamdu lillahi, in kashe da sauri. Na san abin ba daidai ba ne. Abin da ya hana ni cewa mu koma asibiti shi ne kunyar matan da na ce ta warke a gabansu. Na auna girman kaina da ran matar da ta raine ni, na zaɓi girman kai.

Wata Talata da hantsi ina aji aka aiko. Inna tana zaune a kan tabarma tana ɗinki, allura ta suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace, ta kife gefe. Da na isa na tarar gida cike, hayaƙi na tashi a kasko. Kawu, wato yayan Inna kuma babban gidan, ya riga ya yanke cewa jifa ne. Kwana uku kafin nan Inna ta yi cacar baki da maƙwabciyarta kan magudanar ruwan da ke bi ta bayan katangarsu, maƙwabciyar kuma cikin fushi ta ce za a gani. Wata bazawara ce mai sayar da koko da ƙosai, ba ta da kowa a unguwar. Shi ke nan aka samu mai laifi. Kwana biyu ana hayaƙi da shafe-shafe kafin mijina ya yi tsaye ya ce sai an tafi asibiti. Ni da kowa ke jin maganata, bakina bai buɗe ba.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ya duba katinta ya ga wata huɗu ba ta zo ba, ya tambaya cikin ɓacin rai wa ya ce ta bar magani. Kawu ya ce su ba su sani ba. Ina tsaye a gefen gado na sunkuyar da kai. Daga baya na tare nas ɗin a baranda, na yi kamar tambayar wata nake yi, na ce in an auna an ga jini ya sauka fa? Ta ce ai saukar nan aikin maganin ne, shi ya danne shi, ranar da aka daina sha ciwon zai dawo, domin hawan jini ba a warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. Maganar ba ta ɗauke ta minti ɗaya ba. Na ji haushinsu da shekara biyu suna rubuta lamba a kati ba su zaunar da tsohuwa sun fahimtar da ita dalili ba. Amma da na koma gida na tono takardar nan daga ƙasan akwati, sai ga shi a rubuce ƙarara: kada a canza ko a daina magani saboda abin da na'ura ta nuna sai da izinin likita.

Inna ta yi shekara huɗu a kwance. Hannun dama ya mutu, magana ta tafi, sai salati da take iya ja da ƙyar. Ni ke yi mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki, mutane suna ta sa mini albarka suna cewa ba a taɓa ganin 'ya irina ba. Kowace albarka kamar a watsa mini tafasasshen ruwa take. Matan Alhamis ba su haɗa ciwon da barin magani ba, bayan ni ita kaɗai ta san gaskiya, ga shi ba ta da bakin faɗa, sai dai ta bi ni da ido. Ita kuwa mai koko, aka daina sayen kayanta, aka daina amsa sallamarta, in ta shigo gidan suna sai mata su janye 'ya'yansu. Kafin shekara ta kwashe kayanta ta bar cikin birni.

Bayan rasuwar Inna na nemi mai kokon har na same ta a wani ɗakin haya a Tudun Wada. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce ita ta san ba ta yi ba, Allah ma ya sani, don haka ba ita ke buƙatar jin wannan magana ba, in je in faɗa a inda aka ɓata ta. Ranar sadakar arba'in na miƙe a tsakar gida na faɗa a gaban kowa. Kun san abin da suka ce? Ƙaddara ce, in yi shiru, kada in tayar da abin da ya wuce. Kawu ya ce in zauna ina ba shi kunya. Waɗanda suka yi shekara huɗu suna kiran baiwar Allah mayya, babu ko ɗaya da ya taka zuwa Tudun Wada neman gafara. Har ta rasu ba ta sake shiga Ƙofar Kibo ba, ban kuma ji daga bakinta cewa ta yafe mini ba.

Na yarda da ƙaddara, amma na gaji da yadda muke lulluɓe sakacinmu da ita. Yanzu na'urorin nan sun cika gari, kuma abu ne mai kyau, ku saya, ku auna iyayenku, ku rubuta abin da kuka gani ku kai wa likita. Amma iyakar aikinku ke nan. Lamba mai kyau a hannun mai shan magani ba warkewa ba ce. In kun ga baki ya karkace ko hannu ya saki, ku nufi asibiti a sa'ar, ku bar neman wanda ya yi jifa. In kuwa kun riga kun yi kuskure irin nawa, ku buɗe baki tun mai ciwon yana iya tashi da ƙafarsa. Ni sai da na jira har babu wanda gaskiyata za ta yi wa amfani.