Karen Maigadin Katako

Shin karen nan yana raye? Har yau ban sani ba. 'Yata da ke rubuta mini wannan ta ce in daina tambaya, amma ban daina ba.

Mijina maigadi ne a wata rumfar katako, a kasuwar Katako. Ya fi shekara ashirin yana kwana a can, shi da tocilansa, daga baya kuma da wani jan kare da ya tsinta yana ɗan ƙarami a ƙarƙashin falanki. Ni ban taɓa son karen ba. Idan ya biyo shi gidanmu a unguwar Gada Biyu, iyakarsa bakin ƙofa.

Da Malam ya rasu, ranar sadakar bakwai sai ga ogansa da karen a igiya. Ya ce sabon maigadi ba ya so. Na ɗaure shi a bayan ɗaki. Ya ƙi cin abinci. Ina zuba masa tuwo, kaji su cinye yana kallo. Haƙarƙarinsa suka fito. Masu zuwa gaisuwa kuma suna ta ce mini mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, ga ni ina takaba, lokacin da na fi bukatarsu.

Wata safiya mutum biyu suka yi sallama, mace da namiji, da fararen riguna masu hoton kare da kyanwa. Suka ce su ƙungiya ce, suna da gidan dabbobi a bayan gari, da likita.

"Mama, kin huta," in ji matar. "Nama zai riƙa ci kullum, ya fi ni jin daɗi ma."

Suka ce hoto ɗaya za a ɗauka. Namijin ya miƙo mini igiyar, ya ce in ɗan ɗaga sandar da nake dogarawa, wai tana tare fuskar karen. Na ɗaga. Suka kawo takarda na dangwala yatsa, suka bar mini ɗaya. Karen ya shiga mota bai yi gardama ba. Ni ma na koma ɗaki na zauna. Ban ji komai ba.

Bayan kamar sati uku, maƙwabciyata, wata Inyamura mai shagon kayan masarufi, ta shigo ko sallama babu, waya a hannu.

"Mama, ka zo ka gani! Kai ne wannan, ko ba kai ba?"

Ni ce. A hoton da ke wayar ga zanen takabata, ga sanda a sama, ga kare a ƙasa ya lanƙwashe. Ta karanta mini rubutun Turancin: wai sun ƙwato shi daga hannun wata tsohuwa mai dukansa tana hana shi abinci, a taimaka da kuɗin aiki a ƙafarsa. A hoto na biyu ƙafar tana naɗe da bandeji. Da ƙafa huɗu lafiya ya bar gidana.

"Mutane suna zagin ka a nan ƙasa, Mama. Ba zan karanta wannan ba. Ɓarayi! Tashi mu je."

Na ce ba ni da halin fita, saura wata biyu da kwanaki in gama takaba. Ta ce Allah zai gane. Na ce na sani, amma ban tashi ba. Na zauna na cika kwanakina.

Ranar da na fita takaba muka hau keke mai ƙafa uku ni da ita, muka bi kwatancen da ke jikin takardar. Muka tarar da ƙofa da kwaɗo. Ta kafar ƙofar na hango kejuna a buɗe, da kwanoni a kife. Wata mai gasa masara a gefen hanya ta ce sun tashi. Ta ce karnukan Turawa masu gashi manyan motoci ke zuwa saye, irin namu na gida kuwa, idan an gama ɗaukarsu hoto, wata a-kori-kura ke kwashewa ranar kasuwa. Maƙwabciyata ta buɗe baki za ta tambayi ina ake kai su, na riƙe hannunta. Muka sayi masara biyu muka dawo. Tawa ta huce a hannuna.

Ina kukan Malam, kowa ya san wannan, ba na ɓoyewa. Na karen ne bai zo ba har yanzu.

A asibiti, ranar da Malam zai cika, na zaci maganar yara zai yi, ko ta gidan. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa. Ya ce:

"Na san ba kya son shi. Ki daure ki riƙa zuba masa ruwa. Ba sai kin taɓa shi ba."