Mun Koma Gudu da Tumbinmu

Lokacin da muke jami'a a Samaru, mu biyu ne 'yan gudun dogon zango na makaranta, ni da wani abokina ɗan Sabon Gari. Iyayensa Ibo ne, amma a Zariya aka yanke masa cibi, kuma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Mun sha zuwa gasar jami'o'i tare. Kocinmu yakan ce ni ba sauri amma ba gajiya, shi kuwa akwai sauri, sai dai surutu ke cinye masa numfashi.

Da muka gama karatu na kama koyarwa, shi ya gaji kasuwancin babansa. Aka yi aure, 'ya'ya suka zo, tuwo ya samu wurin zama. Gudu ya koma labarin da muke ba yara, su kalli tumbinmu su yi shiru don ladabi.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya tare ni.

"Malam, likita ya ce jinina ya hau, wai in riƙa taka ƙasa da yamma. Na ce wannan aikin tsofaffi ne. Gudun fanfalaki za mu je a kudu."

"Kai da wa?"

"Da kai mana. Wa nake da shi?"

Ranar Asabar da sassafe muka haɗu a Samaru. Ya zo sanye da tsohuwar rigar gasarmu, ta tsaya masa a saman cibiya. Muka kama hanyar Shika da ƙarfinmu. Ba mu yi nisa ba ƙirjina ya fara kuka kamar tsohon injin niƙa. Wani ɗan acaɓa ya rage gudu kusa da mu.

"Baba, lafiya? In asibiti za ku, ku hau in kai ku."

Abokina ya buɗe baki zai rama, numfashi ya ƙi. Tunda nake da shi ban taɓa ganin an gaya masa magana ta kwana ba sai ran nan. Muka zube a gindin wani mangwaro, ya ce laifin takalmi ne. A motar haya muka dawo.

Matata ta gasa min ƙafafu da ruwan zafi tana cewa, "Wanda ya aike ka dai bai ƙaunace ka ba." Amma Asabar ta gaba ita ta tashe ni.

A hankali jiki ya fara tuna aikinsa. Damina ta sauka, masara ta rufe gefen hanya, manoman da suke mana dariya suka koma ɗaga mana hannu. Wata safiya muka wuce Shika ba mu ankara ba. Babu mai magana, ƙafafunmu na sauka tare kamar dā. Na ji wani daɗi ya cika min ƙirji.

Ranar fanfalaki zafin kudu ya nuna mana ba a Zariya muke ba. Mun ɗan wuce rabi sai jijiyar ƙafar abokina ta riƙe. Na tsaya.

"Wuce!" ya ce. "Kar ka tsaya min a ka kamar ɗan zaman makoki."

Na wuce ina jan ƙafa. Sa'ad da na isa har an fara kwance rumfuna. Sai ga shi zaune a inuwa yana ɓare lemo, motar da ke kwashe waɗanda suka gaza ta kawo shi.

"Tun ɗazu nake jiranka. In mun koma gida ka faɗi gaskiya, wa ya riga isowa?"

Ya durƙusa ya kwance min takalmi da hannunsa, don na kasa sunkuyawa.

Lambar da aka rataya min a wuya ya karɓa, wai aro, zai nuna wa matarsa. Yanzu tana rataye a shagonsa da ke unguwar PZ. Masu sayayya suna yi masa barka, yana amsawa da "Ai sai godiyar Allah." Kwanaki na je karɓa, ya ce in bari tukuna, akwai wani surukinsa da bai gani ba.