Tokar da Ta Tona Asirin Mudi

Kakata Ige ba ta san tatsuniyar da ake yafe wa mugu ba. A gidanmu na Dauran, idan an idar da sallar isha'i lokacin sanyi, sai ta ja tabarmarta kusa da murhu, mu jikoki mu zagaye ta muna gasa gyaɗa a bakin wuta. Ni take fara tsokana. "Maigidana, matso nan, kai da ba ka ciyar da ni ba ka tuhwatar da ni." Ba ta ma jiran mu amsa mata, da ta ce ga ta nan sai kawai ta tsunduma.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta bushiya. Wata shekara aka yi fari, dabbobi suka haɗu suka sa dila ya gina musu randa, suka cika ta, suka ba bushiya tsaro. Kullum gari ya waye ruwa ya ragu, ƙasa kuma a bushe. Dila ya ce ai babu wani bincike, mai tsaro ce ke sha. Aka kama bushiya aka tumurmusa ta cikin ƙaya aka kore ta, shi ya sa har yau bayanta yake haka. Ba ta yi kuka ba. Ta saci jiki ta dawo, ta barbaɗa toka a jikin randar, ta zauna tana kallo. Can sai ga wani siririn layi ya yi baƙi daga wuya zuwa gindi, inda randar ta tsage tun wurin gashi, dila ya shafe da laka.

A nan Kaka takan tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To mi kuka tsammani ta yi? Ta ruga ta hwaɗi? A'a. Shiru ta yi, sai ran da sunka taru duka." Ranar ta nuna musu tsagar, aka yanke wa dila hukunci ya yi ta ɗebo ruwa sai randar ta cika, kuma ba ta taɓa cika ba. Ƙanwata ta taɓa tambaya ko bushiya ta ji tausayinsa. Kaka ta ce, "Shi ya ji nata?" Ta tura itace cikin wuta, hira ta tashi.

Na girma na zama direba a Kaura Namoda, ina jan ƙaramar motar haya ta Alhaji Bawa zuwa Shinkafi da Zurmi. Motar ta soma shan ruwa. Da safe in cika lagireto, kafin la'asar ya sauka, kuma ko ɗigo ba a gani a ƙasa. Na kai ta wurin Mudi, bakaniken da Alhaji ya amince da shi. Ya ce ya canza tiyo, ya sa sabo fil, magana ta ƙare.

Bayan kwana huɗu inji ya ƙone mini tsakanin Moriki da Kaura, mota cike da fasinja, a wurin da babu mai son tsayawa ko na minti ɗaya. Mata suna salati, wani dattijo ya shige gonar dawa ya kwanta. Allah ya tsare, wata babbar mota ta kwashe mu. Da aka zauna a tasha, Mudi ya ce, "Alhaji, motar ga lahiya lau take. Yaron ga na ba ya duba ruwa." Alhaji ya karɓe makullinsa daga hannuna a gaban kowa.

Wata bakwai babu wanda ya ba ni mota. Ina shiga tasha sai a ce ga mai dafa inji nan. Babana, wanda ya kai ni wurin Alhaji da hannunsa ya ce ya tsaya mini, bai zage ni ba, ya dai daina tambayata labarin aiki. A cikin wata na biyar ya rasu. Na tsani Mudi tsana mai tsanani, ba na ɓoyewa.

An gyara inji an ba Sani, abokina, amma motar ba ta daina shan ruwa ba. Jarka biyu yake yawo da su, yana tsoron faɗa kada a yi masa irin tawa. Wata Talata na ce ya kawo ta ƙofar gidana. Muka wanke injin tas, muka bari ya bushe. Na ɗebo toka a murhun matata, na tankaɗe, na barbaɗe ko'ina, har bayan inji inda hannu ba ya shiga sai da dabara. Muka tayar muka jira. Da sanyi babu komai. Sai da allurar zafi ta hau sannan toka ta soma yin baƙi a ƙarƙashin wani ƙaramin tiyo can baya. Ruwan tsartuwa yake kamar zare, ya sauka kan bututun hayaƙi mai zafi ya ƙone nan take, shi ya sa bai taɓa kaiwa ƙasa ba. Na sa hannu na shafa. Tsohon tiyon ne, an naɗe shi da robar tayar keke, an shafe da baƙin mai.

Sani ya ce mu tafi wurin Alhaji yanzu. Na ce a'a, ya ajiye motar ya ce ba shi da lafiya. Na jira Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, da hantsi, lokacin da tasha ba ta da masaka tsinke. Na sa aka kira Alhaji da Mudi da shugaban direbobi. Na buɗe bonet, na ce, "Malam Mudi, nuna muna sabon tiyon da kas sa." Ya tsaya yana share hannu da tsumma. Na warware robar a hankali, na ɗaga ta sama yadda na baya ma za su gani. Tun daga ranar babu motar tashar da ta sake shiga garejinsa.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka haƙuri take koyarwa. Yanzu na gane cewa take yi kada ka ɓata fushinka a kan zargi, ka riƙe shi sai ka gano inda ɓarnar take. Abin da ba ta gaya mana ba shi ne gaskiya takan makara, ta iso bayan wanda ka fi so ya ji ta ya tafi.

Alhaji ya mayar mini da makulli, na karɓa. Mudi kuwa sau uku yana turo mutane. Na ƙarshe limamin unguwarmu ne, suka zo tare, Mudi ya durƙusa a zaurena ya ce in yafe masa don Allah. Na ba liman ruwa, na gaishe shi da girmamawa. Sannan na ce wa Mudi, "Ba ni kaɗai ka yi wa ba. Tahi Dauran, bayan gari, kabari na ukku daga gindin tsamiya. Ka hwaɗa mishi ɗanshi na duba ruwa. In ya amsa maka, ni ma na yahe."