Amon da Lado Ya Sato a Rumfar Gero

Lado ɗan kabu-kabu ne a Dungas, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara hula ya ce shi mai haɗa kiɗa ne. Da wata tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, da ɗan piyanon lantarki yake haɗa tiraf, kiɗan samarin yanzu, kuma shi ba ruwansa da mai sanyi. Mai duhu yake so, irin amon da ake sawa a fim in mugu zai shigo. Ya naɗi kukan injin niƙa, ya naɗi ƙarar ƙofar langa-langa, duk ba su razana ko akuya ba.

Wata ranar kasuwa ya kai wa Alhaji Dogo buhun gero rumfarsa, ya tarar da shi yana ƙailula. Alhaji shi ne uban Ruma'isa, yarinyar da Lado ke nema, an kai gaisuwa, sa rana kawai ake jira. Mutum ne mai ji da kansa, mai rantsuwa cewa bai taɓa minshari ba. To ga shi yana ja kamar tsohuwar mota a rairayi, ya tsaya cak, sannan ya saki ɗan fito. Lado ya san bai kamata ba. Ya danna salula, wayarsa ta hannu, ya naɗe minsharin.

A odinatar ya kaurara sautin, ya sa masa amsa-kuwwa, ya ɗora ganguna. Nan da nan, daga Magariya har Waca, babu shagon cajin da ba ya girgiza da shi. Alhaji kansa ya ce kiɗan aljannu ne, ya hana a sa shi a gidansa.

Sai Hajiya Ɗela, matar Alhaji, ta aika a kira Lado. Ya tafi a tsorace, don suruka ba ta kiran mutum haka kawai. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ita tana bayan labule.

"Kiɗan nan naka na ji shi a maƙwabta," in ji ta. "Abin da ke gurnani a ƙasa, mene ne?"

"Inji ne, Hajiya. Na Turawa."

"Injin Turawa ne ke tsayawa ya yi fito? Yaro, tun ba a haife ka ba nake jin injin nan."

Lado ya so ƙasa ta tsage ya shige. In Alhaji ya ji samari na rawa da hancinsa, bar ta sa rana, ko zauren gidan ba zai sake takawa ba. Ya shiga rantse-rantse zai goge.

"Wa ya ce ka goge? Bayan kaka Alhaji zai tafi fatauci Kano, kuma daɗewa yake. In ba ya nan shirun gidan yawa yake yi mini, ba na runtsawa. Cire mini gangunan nan na banza, ka mai da muryar yadda Allah ya yi ta, ka sa mini a salula." Sannan ta ƙara da cewa, "Maganar rana kuma ka bar mini."

Kafin Alhaji ya ɗaure kaya an sa rana. Sharaɗi guda ya kafa wa bikin: kar a kuskura a sa kiɗan aljannun nan. Lado ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba za a sa ba, Baba. Ko ni da na haɗa shi tsoronsa nake ji."

A bayan labule dariya ta sarƙe Hajiya, har sai da aka kawo mata ruwa.